Yadda ake tsayar da jini kafin a isa likita

Ga mai lafiya, tsakanin ƙauyukan Sae Sabuwa da babban asibitin Maradi ba wata tafiya ba ce. Amma ga wanda gatari ya kuɓuce ya sare masa ƙwauri, ko ɗan kabu-kabun da ya faɗi a kwaltar da ta bi ta Cadawa zuwa Agiye da Gazawa, hanyar tana da tsawo ƙwarai. Jinin babban mutum bai wuce kimanin lita 5 ba, kuma idan babbar jijiya ta tsinke, mintoci kaɗan sun isa ya tsiyaye. Don haka ran mai rauni yana hannun wanda ya fara isowa wurin: manomi, mai tallar fura ko yaron mota.

Idan a kan hanya ne, a sa mutum ɗaya ya tsaya yana tare motoci. Kai kuma ka zura hannunka cikin leda mai tsabta, ka buɗe tufar ka ga inda jinin yake fitowa. Naɗe ƙyalle mafi tsabta da ke kusa, rawani ko kallabi ko gefen zane, ka ɗora a bakin ciwon, ka danna da dukan nauyinka. Minti 10 cur, ba ɗagawa. A nan mutane suka fi kuskure: sai a ɗaga a leƙa ko ya tsaya, gudan jinin da ya fara daskarewa ya ɓalle, a koma gidan jiya. Idan ƙyallen ya jiƙe, a ɗora wani a kansa. Idan ramin mai zurfi ne, a cusa ƙyallen ciki har ya cika, sannan a danna. Wuƙa ko ƙarfen da ya kafe a jiki ba a zare shi, shi ne ya toshe ƙofar. A tallafe shi da tsumma ta kowane gefe.

Ina roƙon jama'a su bar zuba ƙasa, toka, kashin shanu, garin taba ko man birki. Na san don taimako ake yi. Sai dai ba su tsayar da jinin jijiya, suna shigar da cutar tetanus mai sarƙe haƙora, kuma sai ma'aikacin lafiya ya ɓata lokaci yana wanke su kafin ya yi ɗinki.

Idan ciwon a hannu ne ko ƙafa, jini yana tsartuwa, dannawa ta gaza, sai a ɗaure. Ma'aikatan lafiyarmu suna kiran wannan ɗauri garo. A samo ƙyalle mai faɗin yatsu huɗu. Igiya, waya da siririyar roba yanka nama suke yi. A zagaya shi sama da ciwon da santimita 5 zuwa 7, ta wajen gangar jiki, kada a ɗora a gwiwa. A ƙulla, a sa sanda mai ƙarfi a kan ƙullin, a yi ta murɗawa har jinin ya ɗauke, a ɗaure sandar kada ta warware. Mai raunin zai yi kuka, domin da ciwo sosai. Kada tausayi ya sa a sassauta. A likita kaɗai ake kwancewa. A rubuta lokacin da aka ɗaure a kan fatarsa, ko da gawayi ne, domin bayan awa 2 gaɓar tana fara shiga haɗari. Wuya, hammata da matsematsi ba su ɗauruwa, sai cusawa da dannawa.

Wancan jinin da ido ke gani ke nan. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai zuba a ciki, bayan tunkuyin sa, faɗowa daga itace, ko karayar cinya, wadda ita kaɗai tana iya shanye fiye da lita guda. Idan jini ya yi ƙaranci, jiki yakan janye shi daga fata ya tura wa zuciya da ƙwaƙwalwa. Wannan hali likitoci ke kira shok, kuma ba firgita ba ce. Taɓa goshin mai raunin: sanyi da gumi, ko da rana tana tsaka. Ja fatar idonsa ƙasa, dubi harshe da tafin hannu, za ka ga sun yi fari. Danna farcensa ka saki. Idan ya wuce daƙiƙa 2 bai koma ja ba, akwai magana. Bugun jini a wuyan hannu, wanda ya saba tsakanin 60 da 100 a minti, zai zama mai sauri, siriri. Numfashi sama-sama, ƙishirwa mai tsanani, rashin natsuwa, daga baya magagi.

Mu mutane ne masu dauriya, saurayi zai miƙe ya kakkaɓe riga ya ce ba komai. Jikin matashi yana iya ɓoye asarar kusan kashi ɗaya cikin uku na jininsa kafin awon jini ya faɗi, sannan ya zube gaba ɗaya. A yarda da sanyin fatarsa fiye da maganar bakinsa.

A kwantar da shi rigingine a inuwa, a lulluɓe shi da bargo ko zane, domin jinin da ya yi sanyi ba ya daskarewa da kyau. Zai roƙi ruwa har ka ji kamar ka yi hawaye. A jiƙa masa leɓe kawai. Zai iya shaƙewa, kuma wataƙila tiyata ke jiransa. Idan ya suma amma yana numfashi, a juya shi kan haƙarƙari. Mai ciki a kwantar da ita ta hagu.

Ga mai jego kuwa, jinin da ya kai rabin lita bayan haihuwa ba wankin ciki ba ne. A murza mahaifa ta ƙasan cibiya har ta yi tauri, a sa jariri a nono, a kama hanya. Binciken da Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano ta yi da abokan aikinta a ƙasashen Afirka huɗu, wanda ya fito a 2023, ya nuna cewa auna jinin da wuri da haɗa magunguna a lokaci guda ya rage mummunar zubar jini da kusan kashi 60 cikin 100.

Tun ana dannawa wani ya kira shugaban cibiyar lafiya ta CSI mafi kusa, ko ƴan kwana-kwana a lamba 18. A ɗauki mai raunin a kwance, a mota ko amalanke, mai dannawa yana gefensa hannu bai tashi ba. Akwai allura mai suna taranezamik da ke hana gudan jini narkewa, amma amfaninta a cikin awa 3 na farko ne. Ƙarin ruwa kuma riƙo ne kawai, wanda ya zubar da jini da yawa jini yake bukata. Idan za a wuce da shi Gidan Rumji ko Maradi, ƴan uwa biyu ko uku masu ƙoshin lafiya su shiga motar, domin su ba da nasu.