Yadda Ake Ɗinka Bargon Ƙyalle a Kwarin Komadugu

Wanda bai san gabashin Nijar ba yakan zaci zafi kaɗai ake sha a jihar Diffa. Amma idan hunturu ya kankama a Disamba da Janairu, iskar arewa maso gabas takan ratsa zana da tamfol har cikin ƙashi. Masunta a bakin tafkin Chadi sun san wannan sanyi, haka ma manoman tattasai da ke sammakon ban ruwa a gaɓar Komadugu Yobe, kogin da ya raba Nijar da Najeriya.

A Barwa, cikin ƙaramar hukumar Bosso, buƙatar mayafi ta fi tsanani. Mutanen garin sun yi hijira a 2015 saboda hare-haren Boko Haram, sai a watan Yunin 2021 gwamnati ta fara mayar da su gida. Wanda ya dawo ya tarar da kango, da sake kafa gida yake farawa, tun daga tukunya har abin rufa. Bargon kanti kuwa kuɗi ne, na agaji kuma yakan siɗe bayan 'yan shekaru. Saura abin da ke hannu: tsofaffin zannuwa, guntayen da ke zube a ƙasan keken tela, da allura.

Haɗa ƙananan ƙyallaye su zama babban mayafi ba baƙon aiki ba ne a nan. A daular Borno, siririn saƙin auduga da ake kira gabaga har kuɗi ya zama, kuma da jera irinsa ake ɗinka riguna. Gwado da luru na ƙasar Hausa ma ƙwarya-ƙwarya ake saƙa su kafin a haɗa. Matan Bangladesh kuwa sun daɗe suna jera tsofaffin zannuwansu hawa-hawa su ɗinke su zama mayafi. Amfanin jera hawa shi ne: iskar da ta maƙale tsakanin hawa da hawa ita ke riƙe ɗumin jiki. Saboda haka bargon hawa uku yake: fuska, ciko, da shafi.

Mataki na 1: Zaɓen ƙyalle

Tun ran gini tun ran zane. Bargon da zai yage ko ya rine, tun wurin zaɓe yake lalacewa, kuma babu gwanintar ɗinkin da za ta cece shi. Gwaji uku ake yi wa kowane ƙyalle: na wuta, na ruwa, na hannu.

Gwajin wuta ya fi muhimmanci, domin da kaskon garwashi ake kwana a ɗaki lokacin sanyi. Yawancin atamfa mai araha da ke kasuwa yanzu akwai roba a cikinta. Idan sabon yadi za ki saya, ko a kasuwar Diffa ko ta Maine Soroa, ki ce wa mai shago, “Alhaji, a ɗan tsargo mini bakinsa in gwada.” Ki kunna masa ashana. Auduga takan ci da wuta da ƙaurin takarda, ta bar toka mai laushi da ke murmushewa a yatsa. Mai roba kuwa yakan takure ya narke, ya bar baƙin ƙullutu mai tauri. Irin wannan idan tartsatsi ya faɗa masa, narkewa yake yi ya manne wa fata. Kada ya zama fuska, kada ya zama shafi.

Gwajin ruwa: ki jiƙa gefen ƙyallen ki goga shi a kan farin tsumma. In ya bar launi, zai zuba. Ja da baƙi da shuɗin rini su suka fi wannan hali. Ki ware su ki yi ta wankewa har ruwan ya fito fes. Wanda ya ƙi dainawa, a bar shi.

Gwajin hannu na tsofaffin kaya ne da na gwanjo. Ki ɗaga zanen ki duba shi ta hasken rana: inda haske ya ratso sosai, wurin ya ci, yanke shi za a yi. Sannan ki kama da hannu biyu ki ja. In kin ji zare na tsinkewa, ya tashi daga fuska ya koma ciko.

Bayan gwaji sai haɗa jinsi da jinsi. Atamfa da atamfa, yadin kaftani da irinsa. Idan aka haɗa mai kauri da marar kauri, mai kaurin yakan ja ɗan'uwansa har ya ɓarke a bakin ɗinki. Tsohuwar shaddar auduga da ta sha wanki tana da kyau ƙwarai, tana da ƙarko da laushi. Leshi ba ya tare iska. Rigunan da ke miƙewa kamar singileti sukan karkatar da layi, sai dai a sa su a ciki. Wandon jins kuwa nauyinsa ya fi dacewa da shimfiɗa.

Ciko mafi sauƙi shi ne tsohon bargo, ko da na agajin ne da ya siɗe. Ko da roba a jikinsa, auduga za ta lulluɓe shi gaba da baya. In babu, a jera tsofaffin zannuwa biyu ko uku. A guji ɗura ɗanyar auduga ko ta rimi: da zarar ta sha ruwa takan dunƙule wuri ɗaya, ta daɗe ba ta bushe ba. A kwarin da kogi ke cika ya yi ambaliya bayan damina, kamar yadda aka gani a 2019 da 2022, bargon da ke bushewa a yini guda ya fi amfani.

Shafi shi ke taɓa jiki, don haka a ba shi mafi laushin auduga.

Mataki na 2: Wanki da guga

A wanke komai kafin a sa almakashi, har sabon yadi. Sabuwar auduga takan shige a wankin farko, alhali tsohon zane ya riga ya gama shigewarsa. In aka haɗa su ba a wanke ba, ranar wankin farko bargon zai tattare. Kayan gwanjo a cire musu maɓallai da zif da wuya da aljihu, a wanke da ruwan zafi, a shanya a rana. Daga nan a bi su da dutsen guga, domin ƙyalle mai tamoji ba ya yankuwa daidai.

Mataki na 3: Awo da yanka

Bargon babban mutum, faɗin santimita 160 da tsawon 200 ya wadatar. Ki yanko kwali mai kusurwa huɗu, kowane gefe santimita 22, shi ne ma'auninki. Santimita ɗaya ta kowane gefe ta ɗinki ce, don haka kowane gida zai tashi a 20. Gida 8 a faɗi, layi 10 a tsawo, jimilla gida 80. Ki ɗora kwalin, ki zana da alli ko guntun sabulu, ki yanke, kina bin tsayin zaren yadin. Wanda aka yanka a karkace yakan miƙe ya ɓata layi.

Shafi ya ɗara fuska da santimita 5 ta kowane gefe, wato 172 da 212. Faɗin atamfa bai kai haka ba, sai a yanka tsawo biyu a haɗa su a tsakiya. Turmi ɗaya mai yadi shida ya isa har da saura.

Mataki na 4: Jeri da haɗa fuska

Ki share wuri ki shimfiɗa tabarma, ki jera gidajen duka kafin ki ɗinka ko ɗaya. Mai duhu kusa da mai haske, mai manyan furanni kusa da marar ado. Ki ja da baya ki duba. Inda launi ɗaya ya taru, ki watsa shi. Masu duhu su fi yawa a gefe, domin nan ne hannu da ƙura suka fi taɓawa.

Sai ɗinki, layi-layi. A kifa gida biyu fuska da fuska, a ɗinke santimita ɗaya daga baki, a buɗe, a ƙara na uku, har takwas. In da hannu ne, a riƙa mayar da allura baya a kowane taku don ɗinkin ya kamu. In da keke ne, Butterfly ta ƙafa ta isa. Layin farko a kwantar da bakin ɗinkinsa dama da dutsen guga, na biyu hagu, haka har ƙarshe. Wannan ke sa mahaɗar gidaje ta zauna lafiya ba tare da tudu ba idan aka zo haɗa layi da layi.

Mataki na 5: Jera hawa uku

Nan ana son mutum biyu. A shimfiɗa shafi fuskarsa na kallon ƙasa, a ja shi ya miƙe, a danne kusurwoyi da duwatsu. A ɗora ciko, sannan fuska tana kallon sama. A shafe da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe. Sai a yi ɗinkin riƙo da dogayen taku da zare mai launi daban, daga tsakiya zuwa kowane gefe da kowace kusurwa. Masu gaggawa sukan tsallake wannan, sai sun kai ƙarshe su tarar shafi ya zame ya bar ciko a waje.

Mataki na 6: Ɗinke hawan

Hanya biyu ce. Mai sauri ita ce ƙulli: a sa zare mai ƙarfi riɓi biyu a babbar allura, a soka a mahaɗar gidaje har ƙasa, a dawo da ita sama kusa da inda ta shiga, a ƙulla sau biyu, a yanke. A yi haka a kowace mahaɗa da tsakiyar kowane gida. Bargon ƙulli ya fi taushi da ɗumi, domin ba a matse iskar cikinsa ba.

Mai ƙarko ita ce ɗinkin layi: ƙananan taku a miƙe daga wannan baki zuwa wancan, tazarar yatsu huɗu tsakanin layi da layi. Wannan ya fi jure wanki, kuma shi ya dace idan cikon tsofaffin zannuwa ne, domin yana riƙe su ko sun fara rubewa. Shi ne kuma na yara, tunda ba shi da bakin zaren da za su ja. Kullum daga tsakiya ake farawa. A goga wa zaren kakin zuma ko kyandir don kada ya sarƙe. Mai keke ya sa allura lamba 16 ko 18, ya buɗe taku, ya naɗe rabin bargon don ya shige ƙarƙashin hannun keken.

Mataki na 7: Kalmasa baki

A zare zaren riƙo. A datse ciko daidai da fuska, a bar shafi da rararsa. A ninka rarar sau ɗaya zuwa bakin fuska, a sake ninkawa ta hau kanta, a daje kewaye. A kusurwa, a fara lanƙwasa tsinin ciki kafin a ninka gefen biyu. Baki shi ke fara mutuwa a kowane bargo, don haka a bi shi sau biyu.

Kula da shi

A riƙa kakkaɓe ƙurar hunturu ana shanya shi da hantsi. Wajen wanki a jiƙa shi a babban baho a tattaka da ƙafa, kada a murɗe shi da ƙarfi, a shanya a kan igiya biyu saboda nauyin ruwa. Gidan da ya yage a ɗora masa maho tun ramin bai kai ciko ba. Jariri kuwa a yi masa ƙarami marar nauyi, kuma kada a rufe masa fuska. In zafi ya shigo a watan Maris, a tabbata ya bushe sarai, a naɗe a ɗora a sama inda gara da ɓera ba za su kai ba.

Lokacin tara ƙyalle shi ne gab da Sallah, sa'ad da teloli ke kwana a kan keke, guntaye na taruwa buhu-buhu. Ki yi magana da telanku tun da wuri ya ajiye miki na auduga. Ɗinkin kuma a fara shi da kaka, don bargon ya riga sanyin Disamba shiga ɗaki.