Zubin Farko: Lissafin da ke Cikin Dara da Kartar Birij

Duk wanda ya taɓa zama a inuwar da ake dara a Unguwar Lalle, ko a wani gari na ƙasar Sabon Birni da Isa, ya san cewa gwanaye sun fi daɗewa wajen zubi fiye da wajen tafiya. Yaro yana ganin wasan bai fara ba tukuna, alhali a wurin dattijon da ke juya tsinke a hannunsa, rabin wasan ya riga ya ƙare. Wannan jinkiri yana da dalili, kuma ana iya ƙidaya shi.

Darar da aka fi sani tana da gida 30, wato layi 5 mai gida shida-shida. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, don haka idan an gama zubi gida 6 kaɗai ke zama babu kowa. Ba a yarda a jera uku a lokacin zubi ba. Sai an fara tafiya ne wanda ya jera uku yake cire ɗan abokin karawarsa.

To, jeri nawa na uku-uku ke cikin waɗannan gidaje? Kowane dogon layi yana ba da 4, sau 5 ya zama 20. Kowane gajeren layi yana ba da 3, sau 6 ya zama 18. Jimla 38. Amma gidajen ba daraja ɗaya gare su ba. Gidan kusurwa yana shiga jeri 2 ne kacal, kuma maƙwabtansa biyu. Gidaje biyu na tsakiyar tsakiya kuwa kowanne yana shiga jeri 6, da maƙwabta huɗu. Ashe wanda ya fara zubi a tsakiya ya ninka damarsa sau uku a kan wanda ya fara a kusurwa. Haka kuma, ko da yake gida 30 ne, idan aka juya fagen dama da hagu, sama da ƙasa, zubin farko iri 9 ne kawai. Malamin da ba shi da allo yana iya tona gidajen nan a ƙasa ya sa ɗalibai su tabbatar da kansu.

Sai dai a dara babu ɓoye-ɓoye, kowa yana kallon 'ya'yan kowa. Wasan da ya fi wuya shi ne wanda ake yanke shawara a cikin duhu, kamar kartar birij, wadda Harold Vanderbilt na Amurka ya tsara ƙa'idojinta na yanzu a 1925. Mutum huɗu ne, biyu-biyu, ana raba musu kati 52, kowa 13. Da farko ana yin tayi, kamar ciniki a kasuwa: kowane ɓangare yana faɗin yawan zagayen da ya yi alkawarin ci. Don auna ƙarfin hannu, ana ba manyan kati huɗu na kowane dangi maki 4, 3, 2 da 1. Jimlar makin duka 40 ne, matsakaicin hannu 10, shi ya sa galibi ba a buɗe tayi sai da 12 ko 13.

Bayan tayi, ɗaya daga ɓangaren da ya sha kaye a cinikin shi ke jefa katin farko, kuma a lokacin kati 13 kaɗai ya gani. Wata tsohuwar dabara ita ce ya jefa na huɗu a girma daga dangin da ya fi yawa a hannunsa. Abokinsa sai ya debe lambar katin daga 11. Alal misali, idan 7 aka jefa, saura 4: wato kati huɗu ne suka fi shi a sauran hannaye uku. Ba sihiri ba ne. Darajar kati tana tashi daga 2 zuwa 14, bakwai ne ke sama da 7, uku daga ciki suna hannun wanda ya jefa. Da zarar an shimfiɗa hannun da ake buɗewa a fili, abokin ya haɗa da nasa, sai ya san abin da ke hannun da ba ya gani.

Duk da haka ƙidaya ba ta ba da tabbas. Idan kati biyar na wani dangi suna wurin abokan hamayya, a kashi 68 cikin ɗari sukan rabu uku da biyu, a kashi 28 huɗu da ɗaya, a kashi 4 duka a hannu guda. Wanda ya dogara da 68 ya yi daidai, ko da ranar ta zo masa da 28. Nan ne ɗalibai da yawa ke tuntuɓe, har a darasin gādon halitta. Idan miji da mata duka suna da jinin AS, yiwuwar haihuwar mai sikila ɗaya ce cikin huɗu a kowane ciki. Kamar yadda kartar da aka sake cakuɗawa ba ta tuna rabon da ya wuce, haihuwar mai sikila a ciki na farko ba ta kuɓutar da uku masu zuwa ba. Na biyu ma da ɗaya cikin huɗu yake farawa.