Amsoshin Tambayoyinku: Me ya sa ƙafar Baba ke sakewa idan an buga noba?

TAMBAYA

Ni matar aure ce daga wani ƙauye kusa da Mai Wurno a ƙasar Sudan, a bakin kogin Nil Azraƙ. Mahaifina ya haura saba'in, kuma a gonakin audugar Jazira ya ƙare ƙarfinsa. Ya daɗe hannunsa na dama yana karkarwa, tafiyarsa ta koma sanɗa, in ya zo bakin ƙofa sai ƙafarsa ta kafe kamar an ɗaure ta. Kafin yaƙi wani likita a Wad Madani ya ce cutar Parkinson ce. To a Maulidin da ya wuce, da 'yan ɗariƙa suka buga noba, wato gangar zikiri, sai ga Baba ya miƙe ya shiga halƙa yana takawa kamar ba shi ba. Kashegari ya koma yadda yake. Yanzu gwaggona ta ce iska ce, tunda ganga ke tashinsa, a kai shi gidan zar, wato gidan masu iskoki. Yayana kuma ya ce ashe zai iya, bai ga dama ba ne. Wani ɗan'uwanmu a Jidda ya ce a Turai rawa ake sa irinsu. Wanne ne gaskiya? Sannan akwai 'yar ƙanwata da shan inna ya nakasa, kullum tana gefe in 'yan mata na gaɗa. Ita ma akwai abin da za a yi mata?

AMSA

Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri kan kulawar da kike yi masa. Abin da kika gani a Maulidi sananne ne a wurin likitocin ƙwaƙwalwa, sun daɗe suna ganinsa, kuma sun san dalilinsa. Baba ba shi da iska, kuma ba da gangan yake yi ba.

Cutar ta samo sunanta daga wani likitan Landan, James Parkinson, wanda ya bayyana alamominta a 1817. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 masu ita sun wuce miliyan 8.5. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙwayoyi da ke samar da sinadarin dofamin, shi ne ke sa mutum ya yi tafiya ba tare da ya yi tunanin kowane taku ba. Mai lafiya kamar yana da makaɗi a cikin kansa, yana buga masa lokacin ɗaga ƙafa da lokacin ajiye ta. A jikin Baba makaɗin nan ne ya yi rauni. Ƙafar tana nan da sauran ƙarfinta, umarnin tashi ne ba ya zuwa kan lokaci, musamman a ƙofa, ko a lungu, ko wajen juyawa. Da aka buga noba, sai bugun ya shigo ta kunne, ya bi wasu hanyoyi na ƙwaƙwalwa da cutar ba ta ci sosai ba, ƙafa ta samu abin bi. Ki haɗa da shauƙin Maulidi da ganin abokansa a halƙa. Da kiɗan ya tsaya, taimakon ya tafi.

Ki isar wa yayanki wannan da lallami, domin maganar da ya yi tana da ciwo. Masu wannan cuta fuskarsu kan daskare, murya ta yi ƙasa, sai a ɗauka ba sa jin abin da ake faɗa. Suna ji sarai. Dattijon da ya ciyar da gida da guminsa, a ce yana noƙewa, wannan ya fi karkarwar hannu ci masa rai.

Gwaggo kuwa ba a ga laifinta ba. Ta tashi ta ga ana buga ganga a gidan zar a ƙasar Sinnar, kakanninta sun san bori tun a ƙasar Hausa, don haka a saninta ciwon da ke amsa ganga na iskoki ne. Ga gwajin da zai kwantar mata da hankali: ba ganga, ba turare, ba waƙa, ki tsaya gaban Baba ki riƙa tafi a hankali kina ƙirga ɗaya, biyu, ɗaya, biyu. Sau da yawa ƙafar za ta sake. Ko ki ja layuka da toka a ƙasa, tsakaninsu taku guda, ki ce ya tsallake su ɗaya bayan ɗaya. Ido ma yana yin aikin da kunne ya yi. Kuɗin da za a kashe a gidan zar, a saya masa magani da su.

Ɗan'uwanku na Jidda ya faɗi gaskiya. A 1996 Michael Thaut da abokan aikinsa a jihar Kolorado ta Amurka sun wallafa sakamakon wani gwaji: masu Parkinson da suka yi mako uku suna atisayen tafiya a gida suna bin bugun kiɗa, saurin tafiyarsu ya ƙaru da kusan kashi 25 cikin ɗari. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, amma binciken da ya biyo baya ya ƙarfafa maganar. A 2001 ƙungiyar rawa ta Mark Morris da ke unguwar Brooklyn a New York ta buɗe aji na musamman ga masu cutar, tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. A birnin St. Louis kuma Madeleine Hackney da Gammon Earhart sun koya wa marasa lafiya tango, rawar mutanen Ajantina, suka ga tsayuwarsu ta ƙara daidaita. Tango ta dace ne don tana da tsayawa da tashi, da ja da baya, da juyi, wato abubuwan da suka fi ba mai cutar wuya, kuma akwai abokin da ake riƙewa.

Sai dai a yi hattara da wannan labari. Rawa ba ta warkar da Parkinson, kuma ba ta maye gurbin ƙwaya. Abin da take yi shi ne ta tsawaita taku, ta gyara tsayuwa, ta sassauta gaɓoɓi, ta fitar da mutum daga kaɗaici. In aka daina, amfanin yakan zube a hankali.

Ba kwa buƙatar tango a ƙauyenku. Ni a ganina mutanen Mai Wurno da ƙauyukan Jazira sun fi Turawa kayan aikin nan. Ga masu karatu na Kano da Maraɗi da ba su san wurin ba: bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a gabas har suka sauka a bakin Nil Azraƙ, kudu da Sinnar. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, Hausawa masu hanyar Makka suka yi ta zama suna noma da tsinkar auduga. Sun zo da gaɗa da lugude da waƙoƙin aiki, suka tarar da ganguna irin su noba da tar na masu madahu da dalluka ta biki. A cikin zuriyar irin waɗannan baƙi aka samu A'isha Falatiya, wadda ta shiga sahun farko na matan da suka rera waƙa a gidan rediyon Omdurman. Jama'ar da ke daka da kiɗa, take zikiri da taku, ba sai an koya mata bin bugu ba.

Na san abin da zai tsaya miki: dattijon Bahaushe ba ya rawa a gaban surukai da jikoki. Kada ki nemi ya yi. Abin da ya riga ya so, wato tattakin halƙa da rangajin zikiri, shi za ki kawo masa tsakar gida. Hukuncin ganga kuwa na malamai ne, sun kuma saɓa a kai, kowane gida da wanda yake bi. Gidan da ba a buga ganga, tafi ya isa, ƙirga ya isa, bugun sanda a ƙasa ma ya isa.

Ga yadda za ki fara. Ki zaɓi lokacin da maganinsa ke aiki, galibi kamar awa guda bayan ya sha, da sanyin safiya ko bayan la'asar, a inuwar rakuba, wato rumfa. A share ƙasa, a ɗauke tabarma da igiya da duk abin tuntuɓe, ya sa takalmin da ke kama dunduniya, ba silifa ba. Ya fara a zaune a kan kujera mai ƙarfi, domin angarib, wato gadon igiya, yana lotsawa, tashi daga kansa da wuya. Yana zaune ya riƙa buga ƙafa da bugun tafi, ya ɗaga hannuwa sama sosai, ya juya kafaɗa dama da hagu, ya ɗaga murya da zikirinsa, don muryar ma tana son atisaye. Sannan ya tashi a hankali ya ɗan tsaya, saboda cutar da maganinta kan sa jini ya sauka a ga jiri. In ya daidaita, ya riƙe bayan kujera ko hannunki, ya karkata nauyinsa daga ƙafa zuwa ƙafa, sannan ya yi taku gefe, sannan gaba da manyan taku. Bugun ya zo daidai da tafiyarsa, kada a hanzarta shi, don sauri ne ke jawo gajerun takun nan da ke kai mutum ƙasa. Wajen juyawa ya yi kewaye mai faɗi, kada ya murɗa a wuri guda. Minti goma ya isa a farko, a ƙara sannu a hankali zuwa rabin awa, sau biyu ko uku a mako. In ya ji ciwon ƙirji, ko numfashi ya gaza, ko jiri ya ƙi wucewa, a tsaya.

Ranar da ƙafarsa ta kafe a ƙofa, kada a ja shi, jan ne ke kayar da shi. Ya tsaya cak, ya numfasa, ya mayar da nauyi kan ƙafa ɗaya, ki ƙirga masa, ya jefa ɗayar da babban taku.

Game da magani, na san halin da ake ciki. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, Wad Madani ta faɗi a Disamban shekarar, sai a Janairun 2025 sojoji suka karɓe ta, kuma asibitoci da shagunan magani sun sha wuya a tsakani. In kuna samun lebodofa, wadda ita ce babbar ƙwayar cutar, ya sha a kan lokaci, kamar rabin awa kafin abinci, domin nama da madara da waken ful kan rage shigarta jini in an haɗa su. Kada a yanke ta rana ɗaya, hakan yana da haɗari. In kun ga za ta ƙare, ku nemi ma'aikacin lafiya tun da sauran kwanaki. Kuma tunda Baba ya yi aikin auduga, ki faɗa wa matasan gidanku cewa bincike ya nuna daɗewa cikin wasu magungunan feshi na ƙara haɗarin kamuwa da cutar. Ba za a ce shi ya jawo ta Baba ba, amma mai feshi ya rufe hanci da jiki, ya yi wanka bayan aiki.

Sai maganar yarinya, wadda ta fi taɓa ni. Shan inna yana raunana gaɓa, bai taɓa hankali ba, bai taɓa kunnen jin kiɗa ba. A Suwidin tun 1968 wata mai keken guragu, Els-Britt Larsson, ta shiga sahun waɗanda suka fara rawar keke, yau har gasar duniya ake yi. A Landan ƙungiyar Candoco, da aka kafa a 1991, tana haɗa masu nakasa da marasa ita a dandali ɗaya. A Najeriya ma waɗanda shan inna ya nakasa sun ƙirƙiro ƙwallonsu da suke bugawa da hannu a kan katako mai taya. Gaɗa kuwa rabinta tafi ne da waƙa da amshi. Me zai hana ita ce mai ba da waƙa, ko mai riƙe tafin da kowa zai bi? A yi wani zagaye da duk 'yan matan za su zauna a ƙasa, a yi rawar kafaɗa da wuya da hannu, a ga wadda za ta fi ta. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Abin da ba na so shi ne a shigo da ita don tausayi, a yi mata tafi na dabam, a mayar da ita gefe. A ba ta aikin da in ba ta zo ba za a ji babu ita. Wannan kuma ba yara za su fara ba, sai wata babba ta zauna da su sau ɗaya ko biyu.

Haka yake ga sauran masu lalura a unguwa. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye yana amfana da taku bisa bugu, muddin an kula da hawan jininsa kuma mai riƙe shi ya tsaya ta ɓangaren da ya raunana. Kurma yana jin ganga a ƙirjinsa da tafin ƙafarsa. Mai farfaɗiya ma ya shiga wasa, ciwonsa ba ya yaɗuwa ta yawu ko taɓawa. Abin da za a kiyaye masa shi ne kwanan biki ba barci, da tsallake magani, da wasa kusa da wuta ko bakin tur'a, wato hanyar ruwan ban-ruwa. In ya faɗi a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, in ta wuce minti biyar a nemi asibiti.

Ki fara da Baba a wannan makon, ki kuma gayyato ɗaya ko biyu daga abokansa na halƙa su riƙa zuwa bayan la'asar, zai fi sakin jiki da su. Ki sa gwaggo ta riƙe tafi, yayanki ya tsaya a gefensa, jikar tasa kuma ta ba da ƙirga. Bayan wata guda ki rubuto mana yadda tafiyar tasa take. Allah ya ƙara sauƙi, ya dawo da zaman lafiya ƙasar Sudan.