ƘAIƘAYIN DUBURA DA DARE: DALILINSA DA MAGANINSA

Masu gida da uwayen gida na ƙasar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, ku karanta wannan, ku kuma karanta wa maƙwabta.

Sau da yawa yaro yakan hana uwarsa barci, yana kuka yana susar duburarsa. Wasu su ce basir ne, wasu su ce ɗankanoma. Galibi kuwa wata 'yar tsutsa ce fara, siririya kamar zare, tsawonta bai wuce rabin inci ba.

Tsutsar a hanji take zaune. In dare ya yi, sai macen ta fito bakin dubura ta zuba ƙwai dubbai, waɗanda ido ba ya gani. Wannan shi ke kawo ƙaiƙayin. Yaro ya sosa, ƙwan ya shige ƙarƙashin farce, ya sa hannu a baki ko a akushin tuwo, shi ke nan, shi da 'yan'uwansa duk sun haɗiye. Ƙwan kan yi mako 2 zuwa 3 a jikin tabarma da mayafi bai mutu ba. Ba a ɗaukarta daga akuya ko kaza, daga mutum ake ɗauka.

In kuna son ku tabbata, ku bari yaro ya yi kamar awa 2 da barci, ku haska fitila. Sau da yawa za ku ga tsutsar tana motsi.

ABIN DA ZA A YI

1. Da dare a wanke wurin da ruwan ɗumi, a goge, a shafa ɗan basilin. Kada a sa barkono ko toka ko kananzir, ciwo za su ƙara.
2. A sa wa yaro wando ya kwana da shi, don kada farce ya kai wurin.
3. Da sassafe a yi masa wanka da sabulu, ko da hunturu ne, don a wanke ƙwan da aka zuba cikin dare.
4. A yanke farce. A wanke hannu da sabulu bayan an fito masai, da kuma kafin cin abinci.
5. Kada a kakkaɓe shimfiɗa cikin ɗaki, ƙwan zai watsu. A wanke ta da ruwan zafi, a shanya a rana.

MAGANI

Ku tafi asibiti ko ɗakin shan magani mafi kusa. Akwai ƙwaya biyu da ake bayarwa, Mebendazole ko Albendazole. Suna kashe tsutsa amma ba sa kashe ƙwai, saboda haka tilas a sake sha bayan mako 2. Mutanen gida duka su sha rana ɗaya, har wanda ba ya jin ƙaiƙayi. Mai ciki da yaron da bai kai shekara 2 ba, sai malamin asibiti ya duba su tukuna. Kada ku sayi magani a hannun masu talla a kasuwa.

Wannan ba abin kunya ba ne, ɗan attajiri da ɗan talaka duk tana kama su. Amma yaron da bai sami barci ba, ba ya gane karatu, ko na allo ko na boko. Ku tuna, rigakafi ya fi magani.