Abin da yashi ke faɗa mana a garejin tiram

Ni makaniki ne a garejin tiram na Kasabalanka, jirgin ƙasan nan mai aiki da lantarki da ke ratsa tsakiyar gari tare da motoci da masu ƙafa. An buɗe layinsa na farko a Disambar 2012, tsawon kilomita 31. 'Yan uwa masu zuwa Maroko karatu ko fatauci ko ganin likita, da ku nake, don na ga yadda baƙi ke gilma masa kamar gaban a-daidaita-sahu.

Direban tiram ba shi da sitiyari. Inda dogo ya nufa nan zai bi, ko da mutum ne tsaye a kai. Wani hannun ƙarfe a saman rufin ke gogar wayar da ke bisa, ya jawo wuta volt 750, wutar ta juya injin, ta koma ta cikin dogon. Shi ya sa ba hayaƙi, ba rugugi, sai ka ji ƙararrawa a bayan kunnenka.

Matsalar tana wajen tsayawa. Jiragenmu biyu-biyu ake haɗawa, tsawonsu mita 65, kuma tayar ƙarfe ce a kan ƙarfe. In aka ɗan yi yayyafi, dogon ya zama kamar an shafa masa miyar kuɓewa. Saboda haka akwai akwatunan busasshen yashi kusa da tayoyin. Da direba ya ja birkin gaggawa, sai bututu ya fesa yashin a gaban taya, wani maganaɗisu kuma ya sauko ya manne da dogon. Duk da haka sai ya ja tafiya kafin ya tsaya, fasinjojin da ke tsaye kuwa sun zube kan juna.

Da dare in jirgi ya shigo, yashin nake fara dubawa. In ya yi ƙasa sosai ba a yi ruwa ba, na san yau wani ya sha da ƙyar. Wani lokaci tayar ma ta ci gefe ɗaya, tana tafe tana ƙwas-ƙwas, sai mun ɗora ta kan injin fiƙa.

Abin da ya fi tayar wa direbobinmu hankali shi ne mai tsallakawa ta bayan jirgin da ya tsaya a tasha, abin sauraro toshe da kunne. Layin biyu ne. Wanda ke gabanka ya kare maka mai tahowa daga ɗaya ɓangaren, shi ma direbansa bai gan ka ba. Ka bari na farkon ya wuce tukuna, ka duba hagu da dama, sannan ka sa ƙafa.