Ba Kowane Minshari Ne Barci Mai Daɗi Ba

 Darasin lafiya na wannan makon a kan minshari ne. Idan mutum yana minshari mukan yi dariya mu ce ya gaji, ko barci ya yi masa daɗi. Sau da yawa haka ne. Amma akwai minsharin da alamar ciwo ne. Za mu duba ciwon, sannan mu duba ko asibitocinmu suna iya gano shi da kula da masu shi.

Wane ciwo ne wannan?

Sunansa ɗaukewar numfashi a cikin barci. Likitoci suna ce masa afniya, kalmar Girkanci ce mai nufin rashin numfashi. Kada mu haɗa shi da ciwon barci wanda ƙudan tsando yake kawowa, wannan daban ne.

Ga yadda yake faruwa. Idan mutum ya yi barci, naman maƙogwaronsa yakan saki. A wurin wasu mutane sakin yakan yi yawa har hanyar iska ta toshe. Sai numfashi ya tsaya na daƙiƙa 10 ko fiye. Iskar oksijin ta ragu a cikin jini, ƙwaƙwalwa ta farkar da mutum, ya ja numfashi da ƙarfi kamar wanda aka shaƙe, ya koma barci. Da safe ba ya tuna komai.

Likitoci suna ƙirga sau nawa numfashin yake tsayawa ko raguwa sosai a awa ɗaya. Daga 5 zuwa 14 ciwon mai sauƙi ne. Daga 15 zuwa 29 matsakaici ne. Daga 30 zuwa sama ya yi tsanani. Mu yi lissafi: wanda nasa yake tsayawa sau 30 a awa, in ya kwanta awa 7, barcinsa ya katse sau 210. Ina hutu a nan?

Ciwon ba na mutane kaɗan ba ne. Wani bincike da aka buga a 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 suna da shi a duniya.

Alamominsa

A wurin manya akwai minshari mai ƙarfi wanda yake tsayawa ɗif sannan ya dawo da shaƙewa, da ciwon kai da bushewar baki da safe, da yawan tashi fitsari da dare, da gyangyaɗi da rana. Ya fi kama maza, da masu ƙiba, da masu kaurin wuya, da waɗanda suka manyanta. In an bar shi yakan jawo hawan jini, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Direba mai wannan ciwo kuma yana iya gyangyaɗi a kan sitiyari da fasinjoji cike da mota.

Yara ma suna yin sa. Yawanci dalilin shi ne girman wasu tsokoki guda biyu a gefen maƙogwaro da ake kira tonsil, da wata tsokar a bayan hanci. Yaron yakan kwana da baki a buɗe, ya yi ta juyi, wani ya yi fitsarin kwance, a aji kuma ya kasa tattara hankali. Yara masu sikila sun fi sauran yara haɗarin samun sa.

Shin asibitocinmu suna kula da masu shi?

Kiwon lafiya a Najeriya hawa uku ne. Akwai ƙananan asibitocin unguwa da na ƙauye, akwai manyan asibitocin jiha, sannan akwai asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Mai wannan ciwo yana da shinge huɗu a gabansa.

Shinge na farko shi ne gano ciwon. Mara lafiya ba zai je ya ce numfashinsa yana ɗaukewa ba, domin shi kansa bai sani ba. Gajiya da ciwon kai zai faɗa. Ma'aikacin lafiya ga layi a gabansa, sai ya tura shi gwajin maleriya da taifot, ko ya auna jini ya ba shi maganin hawan jini. Maganin zai taimaka, amma tushen ciwon yana nan.

Shinge na biyu shi ne gwaji. Hanyar tabbatar da ciwon ita ce a kwana da na'urori a jiki, suna auna numfashi, bugun zuciya da oksijin har gari ya waye. Wuraren da ake yin wannan gwaji kaɗan ne a ƙasar nan, kuma yawancinsu a manyan birane suke. Mutumin ƙauye sai ya haɗa kuɗin mota, na masauki da na gwajin.

Shinge na uku shi ne magani. Babban maganin manya wata na'ura ce da ake kira sifaf. Wani likita ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Colin Sullivan ne ya fito da ita a 1981. Mutum yana sa abin rufe hanci, na'urar tana hura masa iska a hankali don hanyar numfashi ta zauna a buɗe. Tana aiki sosai. Sai dai daga waje ake kawo ta, tana da tsada sosai, kuma tana buƙatar wuta duk dare. A unguwar da ake ɗauke wuta, sai an ƙara da batir ko sola.

Shinge na huɗu shi ne wanda zai biya. A 2022 an sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan Najeriya. Duk da haka, yawancin mutane daga aljihunsu suke biyan kuɗin asibiti. Magidancin da yake fama da cefane ba zai kashe kuɗi a kan minshari ba.

Amma akwai labari mai daɗi game da yara. Asibitocin koyarwa suna da sashen kunne, hanci da maƙogwaro, kuma a Kaduna akwai cibiyar ƙasa ta kula da kunne. Likitocin wannan fanni suna yin aikin cire tsokokin da suka toshe hanya, kuma yara da yawa suna samun sauƙi bayan aikin. Ke nan yaro ya fi babba samun mafita, in dai an kai shi wurin da ya dace.

Abubuwa biyu da za a guje wa

Na ɗaya, sayen ƙwayar barci a kemis. Tana ƙara sakin naman maƙogwaro, ciwon ya ƙaru. Na biyu, kai yaro wurin wanzami a cire masa beli saboda minshari. Wannan ba ya buɗe hanyar da ta toshe, kuma yana iya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta.

Me za mu iya yi?

Hausawa suna cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A wannan ciwo abin ya juya, na kusa da mai ɗakin ne ya sani. Mu ne muke kwana ɗaki ɗaya da ƙannenmu da yayyenmu, mu ne muke jiyo minsharin iyayenmu. Saboda haka:

1. In ka ji minsharin wani yana tsayawa, ka ƙirga daƙiƙoƙin. In ya kai 10 kuma yana maimaituwa, ka faɗa wa babba cikin ladabi.
2. Da izininsa, a ɗauki sautin ko hoton bidiyo a waya a nuna wa likita.
3. A asibiti a faɗi maganar a fili: numfashinsa yana tsayawa in yana barci. A roƙi takardar turawa zuwa babban asibiti.
4. Kwanciya a gefe maimakon rigingine, rage ƙiba da barin taba suna taimakawa, kuma ba sa cin ko sisi.

Muna roƙon malamanmu masu daraja, in ɗalibi ya cika gyangyaɗi a aji kullum, kafin bulala a tambaye shi yadda yake barci, a kuma tambayi iyayensa. Wani kallon waya ne ya hana shi barci, wani kuwa numfashi ne. Muna kuma roƙon ma'aikatan lafiya su ƙara tambaya ɗaya ga duk mai hawan jini: kana minshari? Tambayar ba ta buƙatar wuta ko na'ura.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya. Sai mun haɗu a allon mako mai zuwa.

Daga wakilin lafiya na Kulob ɗin 'Yan Jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare.