Rabon Ma'aikata da Saƙar Zumunci: Darasi Daga Gayya a Ƙasar Gumel

Gabatarwa

Duk shugaban da zai kasa ma'aikata rukuni-rukuni sai ya fuskanci tambaya guda: wa za a haɗa da wa? Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa ƙwarewa kaɗai ba ta isa amsa ba, sai an dubi irin dangantakar da ke tsakanin mutanen. Za a kwatanta ra'ayin masana da al'adar gayya a Sule Tankarkar da maƙwabtanta.

Ra'ayin Masana

A 1932 'yan mata 14 suka gudu daga wata makarantar horo a Hudson ta Amurka cikin mako biyu. Jacob Moreno da Helen Jennings suka tambayi kowace ɗaliba da wa take son zama, suka zana amsoshin: ɗigo a madadin mutum, layi a madadin hulɗa. Da wannan taswira aka sake raba masu ɗakunan kwana. Daga nan nazarin saƙar zumunci ya bunƙasa, har kamfanoni ke amfani da kwamfuta wajen gano wa ke neman shawarar wa, kafin su kafa kwamiti. A 1973 kuma Mark Granovetter ya nuna cewa sabon labari ya fi zuwa ta hannun wanda aka yi wa sanin shanu, domin aminai abin da suka sani ɗaya ne.

Gayya

Manomin gero ko riɗi da ciyawa ta fi ƙarfinsa yakan kira gayya, ya tanadi fura da tuwo, wani lokaci har da makaɗan noma. Mai raba aiki ba ya riƙe da takarda, amma taswirar tana kansa, harshe kuwa ya ba shi sunayen layukan:

1. Dangantakar wasa, kamar ta taubasai, ko ta Barebari da Fulani. Jera su yakan haifar da zolaya da gasa, aiki ya yi sauri.
2. Dangantakar kunya, kamar ta surukai. Haɗa su yakan ɗaure baki, har a ga kuskure a kasa faɗa.
3. Tsara, wato sa'o'in juna, waɗanda ba mai yarda a bar shi baya.

Haka nan a kasuwar Maigatari ta ran Alhamis, dillali ne gadar da ke haɗa baƙon mai dabba daga Nijar da mai saye daga Kudu.

Kammalawa

Abin lura shi ne, taswirar Moreno ta farko so da ƙi ta fi aunawa. Suruki kuwa ba maƙiyi ba ne, amma bai dace da gefen surukinsa ba. Ashe ke nan wanda zai yi irin wannan nazari a ma'aikatun ƙasar Hausa, wajibi ne ya fara da kalmomin dangantaka na Hausa kafin ya ja layi.